Ko ya dace a ɗaure ɗan kallo saboda waƙar da ya rera a filin ƙwallo?

Tambaya: Malam, tun lokacin da Efe Ambrose yake buga wa Celtic nake bin ƙwallon Scotland. Na ji an ce akwai shekarun da ake kama mutum a can don kawai ya rera waƙa a filin wasa. Shin ya kamata hukuma ta mayar da waƙoƙin ɓangarancin addini da na siyasa a wurin ƙwallo laifin da kotu za ta hukunta?

Amsa: Gaskiya ne abin da ka ji, ɗan'uwa. Scotland ta yi irin wannan doka, ta yi aiki da ita shekara shida, daga 2012 zuwa 2018, sannan ta soke ta. A ganina bai kamata a yi doka ta musamman a kan waƙar filin ƙwallo ba. Wanda ya yi barazana, ko ya tunzura jama'a a kan wasu mutane saboda addininsu ko asalinsu, a hukunta shi da dokar da ta hau kan kowa, a fili yake ko a kasuwa. Waƙar siyasa kuwa, kome ɗacinta, ba aikin kotu ba ce. Abin da ya rage tsakanin waɗannan biyun, wato zagi da gugar zana da tsokana, hukumar ƙwallo da kulob ne suke da kayan aikin maganinsa.

Sai an san irin waƙoƙin kafin a yi musu hukunci. Rangers da Celtic manyan kulob biyu ne na birnin Glasgow masu hamayya da juna. An kafa Rangers a 1872, Celtic kuma a 1887, kuma wani malamin Katolika ɗan Ireland, Brother Walfrid, shi ya kafa ta don tara kuɗin ciyar da talakawa baƙi 'yan Ireland da ke gabashin Glasgow. Da tafiya ta yi tafiya Rangers ta zama kulob ɗin Furotesta masu son ci gaba da zama a cikin Birtaniya, har ta yi shekaru da dama tana ƙin sayen fitaccen ɗan wasa Katolika, sai a 1989 da kocinta Graeme Souness ya sayo Mo Johnston. Rikicin Ireland ta Arewa, wanda ya ci rayuka kusan 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, ya ƙara rura wutar. Kuma ba a baka kaɗai abin ya tsaya ba. A 1995 an yanka wani yaro ɗan shekara 16 a unguwar Bridgeton yana hanyar komawa gida daga kallon wasa, ba don kome ba sai don an gane mai goyon bayan Celtic ne. Mutuwarsa ce ta haifar da ƙungiyar Nil by Mouth mai yaƙi da ɓangaranci.

Waƙoƙin da ake gardama a kansu ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan masu doka suka fara yin tuntuɓe. Akwai ta wasu magoya bayan Rangers, The Billy Boys, wadda ke alfahari da tsoma ƙafa har gwiwa cikin jinin 'yan Ireland Katolika. Akwai wata da ke ce wa jikokin waɗanda suka gudo daga yunwar Ireland ta 1845 zuwa 1852 yunwa ta ƙare, su koma gida. Yunwar nan ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. Waɗannan biyun kan mutane suke sauka saboda addini da asali. A ɗaya ɓangaren akwai Roll of Honour ta wasu magoya bayan Celtic, mai yabon fursunoni goma 'yan gwagwarmayar raba Ireland ta Arewa da Birtaniya da suka mutu a yajin cin abinci a kurkukun Maze a 1981, ciki har da Bobby Sands wanda aka zaɓa ɗan majalisar Birtaniya yana kwance a kurkuku. Masu rera ta suna cewa tarihi ne da siyasa, babu zagin addinin kowa a ciki. Wanda bam ɗin IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami a wannan gwagwarmayar, ya kashe masa uba kuwa zai ce kirari ne ake yi wa 'yan ta'adda. Dukansu suna da abin faɗa. Amma zafin da waƙar yabo ke jawowa daban yake da kiran a zubar da jinin maƙwabci.

Kakar 2010 zuwa 2011 ce ta jawo dokar. A wasan Kofin Scotland na 2 ga Maris 2011 a Celtic Park an ba 'yan Rangers uku jan kati, kocin Celtic Neil Lennon da mataimakin kocin Rangers Ally McCoist suka yi cacar baki a bakin fili har sai da aka raba su, 'yan sanda suka kama mutum 34 a cikin filin. A cikin watannin nan aka aika wa Lennon da lauyansa Paul McBride da wata 'yar majalisa ƙunshin bam ta gidan waya, a watan Mayu kuma wani ɗan kallo ya tsallako fili ya kai wa Lennon hari a Tynecastle, filin kulob ɗin Hearts. Jam'iyyar SNP ta Alex Salmond, mai mulkin Scotland a lokacin, ta samu rinjaye a zaɓen majalisar Scotland na wannan watan, ta kawo ƙudurin cikin gaggawa. Majalisa ta amince da shi a Disamba 2011 da ƙuri'a 64, 57 suka ƙi, kuma babu jam'iyyar adawa ko ɗaya da ta goyi baya. Ka lura, munanan abubuwan da suka tayar da hankalin ƙasar, bam da duka, ba waƙa ba ne, kuma tsofaffin dokoki sun ishe su: mutum biyun da suka aika ƙunshin sun sha ɗaurin shekara biyar-biyar ba tare da an taɓa sabuwar dokar ba.

Sashe na ɗaya na dokar yana da ƙafa biyu, sai an tabbatar da su duka. Ƙafar farko ita ce halin da mutum ya nuna: ƙiyayya ga wasu saboda addini, launin fata, ƙasa, ƙabila, naƙasa da makamantansu, ko barazana, ko kuma duk wani hali da mai hankali zai iya ɗauka a matsayin cin fuska. Ƙafa ta biyu, halin ya zama mai iya tayar da tarzoma. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara biyar da tara marar iyaka a babbar shari'a, wata goma sha biyu a ƙarama. Kuma dokar ba ta tsaya a ƙofar fili ba. Ta bi ɗan kallo cikin jirgin ƙasa da bas a hanyar zuwa da dawowa, ta shiga mashaya da duk wani wurin jama'a da ake nuna wasan a talabijin. Da a nan ne, da gidan kallon ƙwallo na unguwa ma yana ciki.

Jimlar nan ta "cin fuska ga mai hankali" ita ce babban rami. Dokar ba ta lissafa waƙa ko ɗaya ba, da gangan, don an san idan aka lissafa, 'yan kallo za su sauya kalma biyu su ci gaba da rerawa da karin da kowa ya sani. To amma rashin lissafin ya sa ɗan kallo ba zai san ko ya karya doka ba sai bayan an kama shi. Da 'yan majalisa suka tambayi minista Roseanna Cunningham ko rera taken Birtaniya, ko yin alamar gicciye a ƙirji, zai iya zama laifi, amsar da ta iya bayarwa ita ce ya danganta da yanayi da yadda aka yi. Ƙa'idar dokar laifi ita ce mutum ya san iyaka kafin ya taka ta. A nan ɗan sandan da ke tsaye a gefen fili ne ke shata iyakar, kuma na Aberdeen ba lallai ya shata ta inda na Glasgow ya shata ba.

Ƙafa ta biyu, wadda aka ce ita ce birki, ashe ba ta kamawa. Wani ƙaramin sashe ya ce za a ɗauka halin zai iya tayar da tarzoma ko da babu tarzomar, idan dalilin rashinta shi ne matakan tsaro, ko kuma mutanen da za su fusata ba sa wurin. An gwada wannan a shari'ar wani mai goyon bayan Celtic da ya rera waƙoƙin 'yan gwagwarmayar Ireland a Dingwall, filin Ross County, can arewacin Scotland inda rigimar Glasgow ba ta dami kowa ba. Alƙalin farko ya sallame shi, ya ce babu wanda waƙar za ta tunzura a wurin. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce alƙalin ya yi kuskure, ba sai akwai wanda ya ji haushi a filin ba, ya isa a ce da irin mutumin yana nan da ya fusata. Daga ranar, mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar kawo wanda aka cuta. Rahotannin gwamnati na shekara-shekara sun nuna haka: a yawancin tuhumce-tuhumcen ba wani mutum takamaimai aka ce an ci wa fuska ba, "al'umma" aka rubuta, wani lokacin kuma 'yan sandan da ke bakin aiki.

Sai matsalar kamu, wadda duk mai tunanin irin wannan doka ya kamata ya zauna ya yi lissafinta. Mutum dubu biyar suna rera baiti ɗaya. Ba za a kama su duka ba, shiga tsakiyarsu a ciro mutum ɗaya kuma shi ne zai jawo tarzomar da ake gudu. Don haka rundunar 'yan sanda ta musamman kan harkar ƙwallo da aka kafa a 2011 ta koma ɗaukar bidiyo. Ana saita kamara a kan wani sashe, a zaɓi fuskokin da suka fito sosai, a gano sunayensu, a je gida a kama su bayan kwanaki ko makonni. A kotu kuma sai an nuna cewa wannan mutumin ne, bakinsa ya furta waɗannan kalmomin a wannan daƙiƙar, alhali sautin da aka naɗa na dubban mutane ne. Shari'u da yawa a nan suke mutuwa. Waɗanda ake kamawa kuwa galibi samari ne, wasu ba su taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, kuma ko an wanke mutum ya riga ya yi watanni yana zaryar kotu, an hana shi zuwa wasa a matsayin sharaɗin beli, wataƙila wurin aikinsa sun ji labari. Na kusa da shi da ya rera waƙar tare da shi yana gida lafiya lau don kamara ba ta haska shi ba.

Lambobin ma ba su raba gardama ba. An yi tuhuma 268 a shekarar farko cikakkiya, 2012 zuwa 2013, sannan 377 a 2016 zuwa 2017. Amma kaso mai yawa na wannan ƙarin daga wasa ɗaya ya fito, wasan ƙarshe na Kofin Scotland na Mayu 2016, inda Hibernian ta ci Rangers 3-2, magoya baya suka kwararo cikin fili aka yi dambe. Wannan faɗa ne, ba waƙa ba. Sannan daga 2012 zuwa 2016 Rangers tana ƙananan rukuni bayan durƙushewarta ta kuɗi, ba ta haɗu da Celtic a gasar lig ba ko sau ɗaya. Wato a mafi yawan rayuwar dokar, wasan da aka yi ta dominsa ba a buga shi sai jefi-jefi a kofi. Duk wanda ya ce maka lambobi sun nuna dokar ta yi aiki, ko sun nuna ba ta yi ba, tambaye shi yadda ya cire wannan daga lissafinsa.

Abin da ya fito fili shi ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Magoya bayan Celtic suka kafa ƙungiyar adawa da dokar, a Maris 2013 'yan sanda suka yi wa wani tattakin Green Brigade, ƙungiyar magoya bayan Celtic masu zafi, ƙawanya a titin Gallowgate na Glasgow suka kama wasu, dangantakar 'yan kallo da 'yan sanda ta yi tsami. A farkon 2014 masu adawa suka yi gangamin sayen Roll of Honour har ta shiga jerin waƙoƙi arba'in mafi kasuwa a Birtaniya. Waƙar da a da sai wani lungun fili ke rerawa, ta zama tutar bijirewa. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun soki dokar, har wani alƙali a Dundee ya caccaki yadda aka tsara ta a zaman kotu. Da SNP ta rasa rinjaye a 2016, James Kelly na jam'iyyar Labour ya kawo ƙudurin sokewa, ya wuce a Maris 2018 da ƙuri'a 62 a kan 60.

Masu goyon bayan dokar ba sakarkaru ba ne, kuma kada a raina hujjarsu. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna yawancin jama'ar Scotland suna son ta. Suna cewa doka saƙo ce, uban da ya kai ɗansa kallo bai kamata ya zauna yana jin dubbai suna kiran jinin irinsa ba, kuma soke ta zai sa wasu su ɗauka an ba su lasisi. Sun kuma yi daidai da suka ce 'yancin magana ba shi ne 'yancin faɗin kome ba. A 2013 ɗan wasan Kuroshiya Josip Šimunić ya ɗauki makirufo bayan wasa da Iceland ya jagoranci 'yan kallo da gaisuwar gwamnatin 'yan fasist ta zamanin yaƙin duniya na biyu. FIFA ta dakatar da shi wasa goma, ya rasa Kofin Duniya na 2014, kotun ƙasarsa ta ci shi tara, Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam kuma ta ƙi karɓar ƙorafinsa a 2019. A Sifaniya, a 2024, an yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata takwas kan cin zarafin Vinícius Júnior saboda launin fatarsa.

Sai dai a Scotland ɗin kanta ana hukunta irin wannan tun kafin 2012. Tun 2003 akwai sashen da ke ƙara nauyin hukunci idan an aikata laifi da ƙiyayyar addini. Tun 2006 kotu tana iya hana mutum shiga filin ƙwallo har shekara goma. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin wani da ya rera waƙar yunwar nan, ta ce wariya ce ƙarara. A 2010 aka ƙara laifin barazana ko cin zarafi da ke iya sa mai hankali tsoro. Don haka abin da dokar 2012 ta ƙaro da gaske shi ne ikon kama waƙar da ba barazana ba ce, ba ƙiyayyar addini ba ce, ɓacin rai kawai take jawowa. Wannan kuwa shi ne filin waƙar siyasa.

A nan ne haɗarin ya fi girma, musamman ga ƙasar da kotunanta ba su da ƙarfin na Scotland. A wurare da dama filin ƙwallo ne kaɗai inda samari dubu talatin za su taru su yi magana da murya ɗaya. Waƙar magoya bayan USM Alger ce masu zanga-zanga suka ɗauka a Aljeriya a 2019, lokacin da aka tilasta wa Bouteflika sauka. Ta magoya bayan Raja Casablanca kan zalunci da rashin aikin yi ta zagaye ƙasashen Larabawa. A Masar kotu ta haramta ƙungiyoyin magoya baya masu zafi a 2015. A Hong Kong, ihun da 'yan kallo ke yi wa taken China shi ya kai ga dokar 2020 mai ɗaurin shekara uku. Idan ka ba gwamnati ikon ɗaure mai "waƙar siyasa mai cin fuska", waƙar da ke sukar ta ita za ta fara zama mai cin fuska.

To yaya za a shata layin? Akwai ma'aunin da masana suka tsara a Rabat a 2012 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, don gane lokacin da magana ta zama tunzurawar da ta cancanci kotu. Ana duban yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da kalmomin suka ƙunsa, yawan waɗanda ta isa gare su, da yiwuwar ta haifar da cuta a zahiri. Ka ɗora shi a kan misalan nan. Mai riƙe da lasifika yana jagorantar baitin jini a gaban magoya bayan abokan hamayya, ana saura minti goma a buɗe ƙofofi kowa ya fito titi ɗaya, ya cika kusan duka. Saurayin da ke amshin waƙar yabon matattu a Dingwall bai cika ko rabi ba.

Ga sauran kuwa, abin da ya fi tasiri shi ne a ɗora wa kulob alhakin 'yan kallonsa kai tsaye, ba tare da sauraron "mun yi iya ƙoƙarinmu" ba. Haka UEFA take yi. Ba ta neman fuskar kowa a bidiyo, rahoton wakilinta da ke filin ya isa. A 2006 ta ci Rangers tara bayan wasanninta da Villarreal, ta sa kulob ɗin ya riƙa sanar da haramcin The Billy Boys. A Agusta 2019 ta rufe kujeru 3,000 a Ibrox, filin Rangers, a wasan Legia Warsaw, ta sake rufe wasu 3,000 a wasan Feyenoord. Idan mai tikitin kaka ya rasa kujerarsa saboda bakin wani, shi da kansa zai ce wa na kusa da shi ya yi shiru, kuma wannan ya fi kamarar 'yan sanda kaifi. Matakan suna hawa ne: tara, rufe sashe, wasa babu 'yan kallo, rage maki. A cikin wasa kuma alƙali yana da matakai uku, ya tsayar a yi sanarwa, ya fitar da 'yan wasa na ɗan lokaci, ya tashi wasan. An yi amfani da su a Sofiya a Oktoba 2019, inda aka tsayar da wasan Bulgeriya da Ingila sau biyu. Mai bin gasar Najeriya ya san salon, domin a 2022 an rage wa Kano Pillars maki uku aka kuma mayar da wasanninta Abuja bayan rikicin wasanta da Katsina United.

Wannan hanyar ma tana da nata lahani. Tara ita kaɗai ba ta tsorata babban kulob, wani lokacin ma talla take zama. Da UEFA ta ci Celtic tarar Yuro 10,000 a 2016 saboda tutocin Falasɗinu a wasanta da Hapoel Be'er Sheva, magoya baya sun tara sama da fam 100,000 suka ba ƙungiyoyin agaji na Falasɗinawa. Hukuncin gama-gari yana cin marar laifi, kuma abokan gaba za su iya sayen tikiti su shiga su rera don a hukunta kulob. Amma kuskuren hukumar ƙwallo kujera yake ci ko maki, ba ya bar wa saurayi tabon kotu a takardunsa. Abin takaicin shi ne kulob-kulob ɗin Scotland sun ƙi wannan tsarin a gasar cikin gida lokacin da aka kawo musu shi a 2013, sun tsaya a kan ƙa'idar da ke wanke kulob muddin ya nuna ya ɗauki matakan da suka dace. Shi ya sa za ka ga waƙar da magoya baya ke haɗiyewa a daren Alhamis na gasar Turai, ranar Lahadi a wasan lig sun dawo da ita da ƙarfinta.